Miyar dangwale ta yalo, da tarihin rubuta girki

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. A wajen wata walima na ci wata miya mai kauri da aka ajiye tare da gurasa da soyayyar doya, ba a zuba ta a kan abinci, dangwala ake yi. Mai girkin ta ce yalo ne da tattasai da riɗi. Na gwada sau biyu, ta fito ruwa tsululu, ga ɗaci. Na tambayi Mama ma'auni, ta ce ita ba ta san wani ma'auni ba, ido da harshe ne. Don Allah a ba ni yadda ake yi dalla-dalla. Sannan ina so in sani, wai tun yaushe mutane suka fara rubuta girki, kuma ta yaya zan rubuta na Mama yadda wani zai iya bi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayoyinki uku ne a baki, amma jijiyarsu ɗaya. Miyarki ta yi ruwa ne saboda an ba ki sunayen kayan haɗi ba a ba ki alamomin aikin ba, kuma wannan giɓin, tsakanin abin da aka faɗa da abin da hannu ya sani, shi ne masu rubuta girki suka yi ta fama da shi kusan shekara dubu huɗu. Bari mu fara daga madafa.

Inda ruwan da ɗacin suke fitowa

Yalo kusan duk ruwa ne, sama da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa. Idan kika dafa shi a tukunya, kin ƙara ruwa a kan ruwa, domin tsokarsa kamar soso take, tana zuƙa. Miyar yalo da ake ci da dafaffiyar doya tana jure haka saboda daga baya ana soya ta har ruwan ya ƙone. Ta dangwale ba a soya ta. Duk ruwan da ya shiga turmi, shi zai kwanta a gindin kwano bayan minti ashirin. Shi ya sa ake gasa yalon, kuma ake tsane shi kafin a kirɓa.

Ɗaci kuma hanyoyinsa uku ne. Na farko wajen saye: gauta daban, yalo daban, kuma a tire ɗaya mai talla kan gauraya su. Ƙananan nan masu kore shar da tsaga-tsaga a jiki sun fi ɗaci. Ki nemi manya, farare ko masu ratsin kore, fatarsu a miƙe tana sheƙi, masu nauyi a hannu. Ki yanka ɗaya tun a kasuwa. In 'ya'yan cikin farare ne masu laushi, ki saya. In sun yi ja-ja sun yi tauri, ya tsufa, ki bar shi. Wanda fatarsa ta fara komawa ruwan ɗorawa ko ja ya wuce lokacinsa. Na biyu shi ne ruwan da ke fita bayan gashi, wanda yake ɗauke da yawancin ɗacin. Na uku bilenda. Wuƙarta tana farfasa 'ya'yan yalon, ta kuma mai da tsokar kamar koko. Turmi ko cokali mai yatsu sun fi ta a wannan aikin nesa ba kusa ba.

Akwai babban yalo mai launin shunayya da ake samu a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da manyan kantuna. Shi ne wanda mutanen Sham suke yin mutabbal da shi, wato gasasshen yalo da niƙaƙƙen riɗi da tafarnuwa da lemo. Asalinsa daga Asiya yake, namu kuwa ɗan Afirka ne. Nasu ya fi tsoka da santsi, namu ya fi 'ya'ya da ɗan bauri mai daɗi. Duka biyun suna yi. A ganina namu ya fi dacewa da doya da dankali, nasu ya fi tafiya da gurasa.

Yadda ake haɗawa

Ga ma'aunin da zai ishi mutum shida. Yalo kilo ɗaya, wato matsakaita kamar 12 zuwa 15. Manyan tattasai biyu jajaye, attaruhu ɗaya, matsakaiciyar albasa ɗaya, tafarnuwa ƙwara uku. Riɗi cokalin cin abinci huɗu, man gyaɗa cokali uku, ruwan lemon tsami cokali biyu, gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe. Ɗanyar citta kamar rabin ɗan yatsa in kina so. Kaduna ba a rasa mai kyau, tunda daga Kachia da kewayenta take fitowa.

Ki fara da riɗi, domin shi ne yake buƙatar natsuwa. Ki tsince shi, ki wanke ki rege, saboda yashi ɗaya tak a cikin miyar dangwale ya ɓata kwanon gaba ɗaya. Ki shanya ya bushe, sannan ki soya a busasshen kasko, wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa, minti huɗu zuwa biyar. Alamarsa ita ce ya fara tsalle yana ƙara, ƙamshi ya tashi, launinsa ya koma ruwan zuma mai haske. In ya yi duhu ya ƙone, kuma ƙonannen riɗi ɗaci ne da babu abin da ke gyara shi. Gara ki zubar ki sake. Ki juye shi a faranti nan take, domin zafin kasko yana ci gaba da soya shi ko an sauke. In ya huce ki daka har ya fara fitar da mai yana manne wa taɓarya.

Ki daka tafarnuwa da ɗan gishiri, ki zuba mata ruwan lemon tsamin, ki ajiye gefe minti goma. Tsamin yana kashe kaifinta, don haka ba za ta riƙa yi wa mai ci maƙaƙi a wuya ba, ba kuma za ta kwana a baki ba.

Sai gashi. Ki huda kowane yalo sau biyu ko uku da tsinke, in ba haka ba tururi zai taru a ciki ya fashe. Ki jera a kan raga bisa garwashin da ya ruru ya daina hayaƙi, tare da tattasai da attaruhu da albasar da kika raba biyu ba ki ɓare ba. Tattasai zai riga, cikin minti takwas zuwa goma. Ƙananan yalo minti 15 zuwa 20, babban na shunayya rabin awa ko fiye. Amma kada agogo ya ruɗe ki, domin garwashin wani ba na wani ba ne. Abin da za ki duba: fata ta yi baƙi ta yamushe, yalon ya saki jiki ya lotsa, in kika danna da cokali kusa da hancinsa babu sauran tauri. Kuskuren da na fi gani a wajen masu koyo shi ne saukewa da wuri don tsoron baƙin fata. Fatar ai zubarwa za a yi. Yalon da bai nuna ba yana da gafi, kuma ba ya kirɓuwa. Mai risho na gas za ta iya ɗorawa kai tsaye a kan harshen wuta tana juyawa. Mai obin ta sa digiri 220, minti 30 zuwa 40, sai dai ba za ta samu ƙamshin hayaƙin nan da ya sa kika tuna da miyar walimar ba.

Da kin sauke, ki zuba a kwano ki rufe minti goma. Tururin zai ɗaga fatar ta saɓule da yatsa. Kada ki wanke a ruwa, ko da kin ga ɗigon baƙi ya manne; ki goge da yatsa, kaɗan ɗin da ya rage daɗi yake ƙarawa. Ki cire 'ya'yan tattasai. Sai ki tsaga yalon ki zuba a kwando ko rariya, ki barbaɗa rabin gishirin, ki bari ya tsane minti 20 zuwa 30. Za ki ga ruwa mai duhu ya taru a ƙasa. Ki ɗanɗana shi sau ɗaya, don ki san abin da ya ɓata miki girki sau biyu. Kilo ɗayan nan zai dawo kusan rabinsa, kuma haka ake so.

A turmi mai tsafta, ki fara jajjaga albasa da attaruhu da citta, sai tattasai, sai yalo a ƙarshe, ki kirɓa a hankali, ba sai ya yi sumul ba. A wani kwano ki haɗa dakakken riɗin da lemon tsami mai tafarnuwa. A nan za ki ga abin da zai ba ki tsoro: riɗin zai daskare ya dunƙule kamar ya lalace. Bai lalace ba, haka yake yi in ya haɗu da ruwa kaɗan. Ki ƙara tafasasshen ruwan da ya huce, cokali ɗaya ko biyu, kina juyawa, zai saki ya yi fari ya yi santsi. Ki juye cikin yalon, sannan ki riƙa ɗiga man gyaɗa kaɗan-kaɗan kina bugawa da cokali. In kika kwara man gaba ɗaya zai tashi sama ya yi iyo. Ki zuba sauran gishirin, ki bari ta zauna rabin awa kafin ki yanke hukunci a kan ɗanɗanonta.

Gwajin kauri mai sauƙi ne: ki ja layi da cokali a tsakiyar kwano. In layin ya tsaya, ta yi. In ya rufe, ki ƙara dakakken riɗi ko garin ƙuli-ƙuli cokali ɗaya, ki jira minti biyar ya sha ruwan. In ta yi lami, gishiri take nema kafin komai. In gishiri ya ji amma har yanzu tana da nauyi a baki, lemo ne bai isa ba. Ɗan ɗacin da ya saura, gishiri da mai suna danne shi. Kanwa ba ta da wuri a nan ko kaɗan, domin za ta kashe tsamin lemon ta kuma ɓata launi. Mai son daddawa ta soya rabin cokalin shayi a cikin man tukuna, kada ta sa ta ɗanya.

Wadda ba ta da riɗi ta yi da markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa, ma'auni ɗaya. Sai dai a tsince gyaɗar da kyau, a fitar da duk wadda ta yi funfuna ko ta yamushe, saboda gubar da ke cikin irin wannan gyaɗar wuta ba ta kashe ta. In baƙi za ki ba, ki faɗa musu akwai gyaɗa ko riɗi a ciki. Akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗauka ko kaɗan, kuma wannan maganar likita ce, ba ta mai girki ba.

Ajiya ita ce inda ban yarda da sassauci ba. Wannan miya ba a tafasa ta bayan an haɗa, hannu ya taɓa ta, ga danshi ga mai. Kada ta wuce awa biyu a waje, a zafin Maris da Afrilu kuwa awa ɗaya. A firji mai sanyi sosai, cikin kwano mai murfi, kwana uku. In wuta ta ɗauke ta daɗe har firjin ya huce, kada ki dogara da hanci, domin ba kowace lalacewa ke wari ba. Kuma kada ki bi shawarar zuba ta a kwalba a rufe da mai a ajiye a kanta: tafarnuwa da kayan lambu a ƙarƙashin mai, babu iska babu sanyi, muhalli ne da wata ƙwayar cuta mai mugun dafi take so. Inda wuta ba ta da tabbas, ki yi daidai cin rana ɗaya.

Tun yaushe ake rubuta girki

Mafi tsufan rubutaccen girki da aka sani yana kan allunan yumɓu daga ƙasar Babila, Iraƙi ta yau, na wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suna ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka. An daɗe ana zaton rubutun magani ne, sai a shekarun 1980 wani masani Bafaranshe, Jean Bottéro, ya fassara su aka tabbatar girki ne. Allo ɗaya yana ɗauke da girki 25, na nama 21, na ganye huɗu, kuma albasa da tafarnuwa sun cika su. Abin da zai ba ki sha'awa shi ne salonsu irin na Mama ne sak: a sa ruwa, a sa kitse, a daka tafarnuwa a zuba. Ba a cewa nawa, ba a cewa minti nawa. Gwani ne ya rubuta wa gwani, don tuni.

Rumawa ma haka. Littafin girkin da ake danganta wa Apicius, wani Barume da ya shahara da son abinci, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, yawancinsa jerin kayan haɗi ne babu adadi. Suna da nasu abin dangwalen, moretum, wanda wata waƙar Latin ta siffanta: manomi ya tashi da asuba ya daka tafarnuwa da cuku da gishiri da ganyayen ƙamshi a turmi, ya ɗiga man zaitun da khal, wato ruwan tsamin nan da Turawa ke kira vinegar, ya ci da gurasarsa. Turmi, tafarnuwa, tsami, mai: tsarin da kika bi ɗazu ke nan, shekara dubu biyu da suka wuce.

Inda abin ya bunƙasa sosai shi ne Bagadaza. Takarda ta yawaita a can tun ƙarshen ƙarni na 8, rubutu ya yi araha, har manyan fada suka ɗauki girki abin alfahari da ake yi wa waƙa. A ƙarni na 10 Ibn Sayyar al-Warraƙ ya tattara Kitab al-Tabikh, mai girki sama da 600. Laƙabinsa ma, warraƙ, na mai sana'ar takarda da kwafar littattafai ne. A ciki akwai abincin da suke kira bawarid, wato waɗanda ake ci da sanyi, har da wani na yalo da aka danganta wa Ibrahim ibn al-Mahdi, ɗan'uwan Halifa Haruna Rashid: a dafa yalo a yayyanka, a haɗa da dakakken jauz, wata ƙwaya mai mai kamar gyaɗa, da khal da kayan ƙamshi. Ki musanya jauz da riɗi, khal da lemon tsami, kin dawo kwanonki. Tattasai da attaruhu da tumatir da gyaɗa babu su a girkin nan, domin duk daga nahiyar Amurka suka fito bayan 1492. Littattafan Larabawa sukan ambaci awo irin su ratali da uƙiya da dirhami a wasu wurare, abin da ya sa suka fi na gabansu sauƙin bi.

A Turai, masu dafa wa Sarki Richard na biyu na Ingila sun rubuta nasu wajen 1390, kuma a shekarun 1470 aka buga littafin girki na farko da injin ɗab'i a Italiya. Kalmar da Turawa ke kiran rubutaccen girki da ita, wato recipe, ita ma daga Latin take, ma'anarta "ɗauki", kalmar da likitoci ke fara rubuta haɗin magani da ita. Amma tsarin da muka saba gani yau sabo ne ƙwarai. Eliza Acton, wata marubuciya 'yar Ingila, ce a 1845 ta riƙa jera kayan haɗi da adadinsu da lokacin dahuwa a ƙarshen kowane girki, Isabella Beeton ta dawo da jerin zuwa farko a 1861, sannan Fannie Farmer ta Boston ta nace a 1896 cewa kofi da cokali a shafe su daidai baki, kada a yi tozo. Dalilin sauyin a fili yake: mata sun bar garuruwansu sun koma birane, nesa da uwa da kaka, littafi ya zama dole ya faɗi abin da da ake gani da ido. A Nijeriya, littafin Rhoda Omosunlola Williams na 1957 yana cikin na farko-farko da 'yar ƙasa ta rubuta a kan abincin gida.

A ƙasar Hausa rubutu ba baƙo ba ne. An yi ƙarnoni ana ajami, kuma mata irin su Nana Asma'u sun yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Girki dai ya bi ta wata hanyar, ta tsakar gida, inda yarinya ke tsugune kusa da murhu tun tana miƙa ludayi har ta kai ga tuƙa tuwo. Wannan makaranta ce cikakkiya, kuma tana koyar da abin da takarda ba ta iyawa. Rauninta ɗaya: sai an zauna tare. Yarinyar da ta tafi makarantar kwana, ta wuce jami'a, ta yi aure a wani gari, ba ta samu shekarun nan na tsugunno ba.

Yadda za ki rubuta na Mama

Kada ki tambaye ta adadi, ba ta da amsa, kuma ba rowa take yi ba. Ki auna a bayanta. Kafin ta fara, ki zuba gishiri cokali biyar a ɗan kwano, mai gwangwani ɗaya a wani, haka sauran kayan, ki ce ta ɗiba daga nan yadda ta saba. In ta gama ki auna abin da ya rage. Bambancin shi ne ma'auninta. Ki yi haka sau uku a ranaku daban-daban ki ɗauki tsaka-tsaki, domin hannu ma yana sauyawa.

Ki kula da ma'aunanmu na kasuwa. Mudu da tiya ba ɗaya suke ba daga Kawo zuwa Kasuwar Barci, balle daga Kaduna zuwa Kano. Gwangwanin madara ma kamfanoni suna rage girmansa. "Tattasai na ɗari biyu" kuwa ba ya nufin komai bayan wata shida. Ki samu ƙaramin sikelin madafa ki rubuta giram, ko ki tsaya a kan cokalin shayi mai mililita 5 da na cin abinci mai mililita 15, ki kuma faɗa ko a shafe ne ko da tozo. Kayan lambu ki rubuta adadi da girma da nauyi tare.

Sannan, a gefen kowane mataki, ki rubuta alamar da Mama take dubawa, da kalmominta. In ta ce "sai ya yi tubus", ki rubuta haka, ki ƙara minti nawa ya ɗauka ranar, a kan wace irin wuta, a wace tukunya. Lokacin da ta ɗaga murfi ta sunsuna ta mayar, ki tambaye ta me ta ji. Lokacin da ta ƙi wani yalo ta ɗauki wani, ki tambaye ta me ta gani. Ki rubuta watan da aka yi girkin, domin tattasan rani na fadama da na damina ba ruwansu ɗaya ba, haka attaruhu wani ya ninka wani zafi. Ma'aunin da na ba ki a sama ma iyakarsa ke nan: ban ga yalonki ba, ban ɗanɗana lemonki ba, don haka cokali biyun nan na iya zama ɗaya da rabi ko uku a kwanonki.

In kin gama, ki ba wata da ba ta taɓa ganin girkin ba, ƙanwa ko maƙwabciya, ta bi takardar ke kina gefe ba ki ce uffan ba. Duk inda ta tsaya ta ɗago kai ta dube ki, ki sa alama a wurin, akwai abin da kika tsallake. Ki gyara, ki sake ba wata, sannan ki kai wa Mama kwanon ta ɗanɗana ba tare da kin gaya mata wa ya yi ba.